Hoto a bakin dam a ƙarshen hunturu: me ke sa ruwa ya fito fari, mutane baƙi?

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar masana. Za a kai yara bakin dam ɗin Tiga da ke jihar Kano a farkon Maris, kafin zafi ya kankama. Kayan aikin da ke hannu su ne waya Tecno da tsohuwar Canon mai gilashin 18-55. Yawancin hotunan bakin dam da ake turowa nan, ruwa fari, sama fari, mutane kuma baƙi ƙirin ba a gane fuska. Ta ina ake kauce wa wannan?

Mai Hoto na Rano: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin a taɓa maganar saiti a fara duba agogo. A watan Maris rana tana fitowa a yankinmu wajen 6:35 na safe, ta faɗi wajen 6:35 na yamma. Kuma a nan ba ta hawa a karkace, miƙewa take kusan tsaye, digiri 15 a kowace awa. Hasken nan mai laushi mai ja-ja da ake nema bai wuce rabin awa ba, in hazo ya taimaka ya ja shi zuwa awa guda. Daga ƙarfe tara zuwa huɗu rana tana dukan ruwa daga sama, ƙurar da ke cikin iska tana watsa hasken ko'ina, shi ne farin da kake gani. Mafi yawan iyalai kuwa sai an karya, an yi wa yara wanka, an zuba abinci a kula, a iso bakin ruwa ƙarfe sha ɗaya. Wato daidai lokacin da hoto ya mutu.

Daga birnin Kano zuwa Tiga wajen kilomita 70 ne. Wanda ya bar gida bayan sallar asuba zai iso rana ta riga ta ɗaga. Ko dai a kwana kusa, a Rano ko Bebeji, ko a haƙura da safiya a tsaya wa yamma.

Maman Sadik: Malam, ka faɗi gaskiya amma ka manta da yara. Wa zai tashi ɗan shekara huɗu ƙarfe biyar a sanyin nan na asuba ya kai shi bakin ruwa? Ga iyali yamma ta fi. A iso bayan la'asar, a shimfiɗa tabarma a inuwa, a ci abinci, daga 5:30 a fara hoto.

Mai Hoto na Rano: Hajiya, ban ƙi ba. Amma akwai abu ɗaya da yamma ba ta bayarwa: kwanciyar ruwa. Da asuba iska ba ta tashi ba, ruwa shimfiɗe yake, inuwar dutse da ta bishiya suna fitowa a cikinsa tsaf. Da ƙasa ta ɗau zafi iska za ta motsa, ruwan ya yi ƙananan igiyoyi, shi ke nan inuwar ta wargaje. Saboda haka a raba aikin biyu. Hoton ruwa da duwatsu na safe ne, mutum ɗaya ya isa ya sulale ya je ya dawo kafin a dama koko. Hoton iyali kuma na yamma.

Sai a kula da wani abu da hazo ke yi da yamma. Rana ba ta kaiwa bakin ƙasa, tana shigewa cikin ƙura ta ɓace tun saura kamar minti goma sha biyar ko ashirin. Wanda ya ce bari ta ƙara sauka tukunna, zai ɗaga kai ya ga babu ita. Da ta koma jan faifai wanda ido ke iya kallo, a ɗauka nan take.

Ɗan Karaye: Maganin hazo ai filta ce. A sayi CPL, wato filtar da ake ɗaurawa a bakin gilashi don rage ƙyalli, ta gilashin 18-55 na Canon mai faɗin 58mm ce, an rubuta lambar a gaban gilashin. A ɗaura, a juya zoben a hankali, sama za ta koma shuɗi, ruwa ya yi duhu.

Injiniya Bebeji: Ɗan Karaye, rabin maganarka daidai ne. CPL tana kashe ƙyallin da ke tashi daga fuskar ruwa da jiƙaƙƙen dutse da ganye, wannan ba musu. Amma ba ta cire ƙurar hunturu. Shuɗin sama mai tsabta ne take iya ƙara wa duhu, shi ma sai rana tana gefen kafaɗarka, ba gabanka ko bayanka ba. Ƙwayoyin ƙura manya ne, hasken da suke watsawa filtar ba ta da iko da shi sosai. Ranar da hazo ya sauka, ka juya zoben har hannunka ya gaji, sama tana nan fara.

Inda take da amfani a Tiga: kogin Kano daga kudu yake gangarowa, don haka ruwan yana kudu da bangon dam ɗin. Wanda ya tsaya ta arewa yana kallon kudu, a watan Maris rana tana hagunsa da safe, tana damansa da yamma. Wannan shi ne kusurwar da filtar ke so. Amma da sharaɗi uku. Tana cin haske, kusan ninki biyu zuwa huɗu, shota, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga, za ta yi jinkiri, hannu ya girgiza hoto. In gilashi yana kan 18mm sama za ta iya fitowa da dabbare, gefe duhu gefe haske. Na uku, wanda mutane ke mantawa: in inuwar dutse a cikin ruwa kake nema, filtar ita ce za ta goge ta. Sai ka juya ta baya har inuwar ta dawo.

Ɗan Karaye: Na karɓi gyara a kan ƙura. Amma a kan ruwan gaɓa ina nan a kan bakana. Inda ruwa bai kai gwiwa ba, ita kaɗai ke nuna duwatsun da ke ƙasa da 'yan kifaye.

Injiniya Bebeji: Wannan kam haka ne.

Mai Hoto na Rano: To tunda hazo ba ya ciruwa, a daina faɗa da shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tsaya a tsaye, ya ɗaga waya daidai fuskarsa, ya nufi tsallaken ruwa. Tiga faɗi gare shi, in ya cika ya kai murabba'in kilomita 178. Duk abin da ke tsallake yana bayan ƙura mai kaurin kilomitoci, ba zai fito ba. Abin da ke kusa da kai kuwa, mita biyu zuwa goma, launinsa cikakke ne. Shi za ka gina hoton a kai, nesa ta zama bango kawai.

Kuma wannan lokaci ne da gaɓa ke da abin ɗauka. An daɗe ana sakin ruwa don noman rani, ruwa ya ja baya, ya bar laka ta bushe ta tsattsage, ga kututturan itatuwa sun fito, ga duwatsu da zanen inda ruwa ya tsaya da damina. Ga kwale-kwalen masunta a kife, ga gora, ga kalli an shanya. Ka zaɓi ɗaya, ka durƙusa har gwiwa ta taɓa ƙasa, ka sa shi a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan hoton. Ka kunna layukan girid a saitin kyamara don layin ruwa ya miƙe. Ruwan da ya karkace ko da digiri biyu ne ido yana kamawa. Kada layin ya raba hoto biyu daidai, sai in inuwa kake ɗauka. In sama fara ce ba komai cikinta, ba ta kashi ɗaya, ka ba ƙasa biyu.

Bishiya ma a zaɓa. Kuka yanzu ba ganye, rassanta suna yin kyau a baƙi a gaban rana. Gawo kuwa shi da rani yake ganye, shi ne koren da za ka samu a gaɓa lokacin da sauran suka bushe.

Baban Walida: Allah ya saka. Saura maganar baƙin fuska, ita ta fi damun iyali.

Malamin Kadawa: Dalilinta ɗaya ne. Kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki. In ruwa da sama masu haske suka cinye kashi uku cikin huɗu, sai ta rage haske don ta daidaita su, fuska ta tafi a ciki. Ga yadda ake yi a waya: ka danna fuskar mutum a allo ka riƙe har alamar kulle ta fito, sannan ka ja ɗan hoton ranar nan da ke gefe zuwa sama kaɗan, har fuska ta buɗe. Ruwan zai ƙara fari, amma a hoton mutane fuska ce gaba. A Canon ka sa Av, wato saitin da kai ke zaɓar faɗin ƙofar haske, ka riƙe maɓallin da ke da alamar +/- ka juya zuwa +1.

Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne ka juya mutanen. Da yamma bayan 5:30 rana ta yi sanyi, a tsayar da su ta zo musu ta gefe, kamar rabin hanya tsakanin gaba da kafaɗa. In ta zo gaba sak za su runtse ido. In tana bayansu, a samu wani ya riƙe abin nan mai ƙyalli da ake tare gilashin mota da shi, ko farin zani, mita ɗaya da rabi daga fuska, ya mayar da hasken. Filashar waya ba ta yin komai da rana. Ta Canon tana aiki zuwa mita uku, amma shota ba za ta wuce 1/200 ba, sai ka matse ƙofar haske zuwa f/11 kada hoton ya ƙone.

Maman Sadik: Ku ƙara da maganar kaya, don nan ne mata ke da ta cewa. Farar shadda a bakin ruwa bala'i ce. In aka buɗe haske don fuska, rigar ta ƙone, aikin wuya ya ɓace. In aka rage don riga, fuska ta tafi. A lokacin hazo duk duniya ruwan toka ce da ruwan ƙasa, saboda haka ja, ruwan goro, shuɗi mai duhu da kore su ne ke tashi. Yaro ɗaya da jar riga a gaɓa ya isa ya raya hoto. Hijabi mai faɗin baki kuma yana jefa inuwa a ido, mai shi ta ɗan ɗaga haɓa ta fuskanci inda haske yake.

Yara kuma kada a jera su a ce su tsaya ƙiƙam. A ba su tsakuwa su jefa ruwa daga kan busasshiyar gaɓa, mai hoto ya tsuguna daidai tsayinsu, ya riƙe maɓalli ya ɗauki jerin hotuna. A kyamara shota kada ta gaza 1/500, in ba haka ba hannu da ƙafa za su fito a shafe.

Mai Hoto na Rano: Saitin Canon ɗin don hoton fili, tunda ba a faɗa ba: Av, f/8, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, gilashi a 18mm, fokas a kan abin da ke mita biyu zuwa uku. A haka daga kusan mita ɗaya da rabi har ƙarshen gani komai zai fito ras. Kada a je f/22 da sunan ƙarin kaifi, laushi yake kawowa, kuma nan ne duk ƙurar da ke kan sensa ke bayyana ɗigo-ɗigo a sama. Da asuba shota za ta sauka ƙasa da 1/30, hannu ba zai riƙe ba. In babu mai ƙafa uku, a cika safa da shinkafa ko gero a ɗaure, a aza kan dutse, a kwantar da kyamara a kai, a sa taima na daƙiƙa biyu don dannawar yatsa kada ta motsa ta. Launi kuma a cire shi daga AWB, inda kyamara ke daidaita launi da kanta, a mai da shi alamar rana ko ta gajimare, don AWB yana ganin jan hasken safe a matsayin kuskure ya wanke shi.

Ɗan Karaye: Masu son ruwa ya kwanta sumul kamar madara, filtar ND ce, baƙar filta mai rage haske mataki goma. Inda shota take 1/125 za ta koma daƙiƙa takwas. Dole mai ƙafa uku, kuma a yi fokas kafin a ɗaura ta, don in ta hau kyamara ba ta gani. Amma ga fitar iyali ni ban ga amfaninta ba, yara ba za su jira ba.

Injiniya Bebeji: Ƙura fa ba a sama kaɗai take ba. Kada a cire gilashin kyamara a fili, in dole ne a shiga mota a rufe ƙofa, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Kada a goge gilashi da bakin riga yana da ƙura, yashi ne, karce yake. A fara hure shi da robar hura iska, sannan ƙyalle mai laushi. Ita kuwa waya, babban makashinta a hunturu basilin ne. An shafa wa yara, an shafa a hannu, yatsa ya taɓa idon kyamara, duk hoton ya fito da hayaƙi, rana ta yi wutsiya. Sai a ɗora wa hazo laifi. A goge kafin kowane zama.

Sannan zafi. Maris da rana yana haura digiri 35, wayar da aka bari a gaban mota ko ana caji da pawa banki ana bidiyo za ta yi zafi ta rage hasken allo ko ta rufe kyamara. A sa ta a inuwa, ba cikin kular ƙanƙara ba.

Baban Walida: HDR fa, a kunna ko a kashe? Da zum?

Malamin Kadawa: HDR a kunna in ana ɗaukar fili mai sama mai haske da gaɓa mai duhu, aikinsa ke nan, yana haɗa hotuna da yawa ya fitar da ɗaya. A kashe in abu na motsi da sauri, don a ƙananan wayoyi hannun yaro kan fito biyu. A kashe kuma in baƙar inuwar masunci ake so a gaban rana, don zai yi ta ƙoƙarin haska shi ya ɓata abin. Zum kuwa, in wayar ba ta da idon nesa na musamman, jan allo da yatsu yanka hoto ne kawai. A tsaya a 1x a taka da ƙafa. 0.5x yana da kyau ga fili, amma wanda ya faɗo gefen hoton kansa zai miƙe. Dabara ɗaya: a juya wayar kai ƙasa, idon ya dawo kusa da fuskar ruwa kamar taƙi ɗaya, a danna da maɓallin ƙara. Inuwa tana ninkuwa a haka.

Anti Hadeja: Duk kun tare a Tiga kamar nan kaɗai ruwa yake. Wanda tsuntsaye yake so ya zo Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, cikin fadamar Hadeja da Nguru. Tun 2008 wurin yake cikin jerin dausayin duniya na Ramsar. Baƙin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai suna cin hunturu a nan, kuma daga Maris suke fara komawa, don haka farkon watan shi ne ƙarshen damar. Na gida kuwa suna nan, kirinjijiya da dinya da zalɓe da belbela. Amma gaskiya 18-55 ba ta tsuntsu ba ce, sai 300mm zuwa sama, shota 1/1000 ko fiye, ISO ya tashi 400 ko 800 ba laifi. Da gajeren gilashi a ɗauki garken gaba ɗaya lokacin da ya tashi, da goruba a gefe. Belbela fara ce tas, a rage haske zuwa -1 in ba haka ba gashinta ya ƙone. Furen farin bado kuma da safe yake a buɗe, kafin azahar ya rufe. Matsalar wurin ciyawar kacalla ce, ta tsaya ta fi mutum tsawo ta tare gaɓa, sai ɗan gari ya nuna maka inda ake ganin ruwa.

Ɗan Karaye: Madatsar ruwan Challawa ma tana nan a Karaye, an gama ta 1992, Tiga kuma 1974 zamanin Audu Bako. Kuma a kan hanyar Tiga kada a wuce Kadawa a guje. A Maris alkama ta nuna ta yi ruwan zinariya, ga magudanan ruwa miƙe tsakanin gonaki. Layin magudana yana jan ido zuwa cikin hoto, ba sai ka nemi komai ba.

Injiniya Bebeji: Abu biyu da suka fi hoto. Bangon dam da ƙofofin sakin ruwa suna ƙarƙashin hukumar kogunan Hadeja da Jama'are, akwai masu gadi, a tambaya kafin a ɗaga kyamara wajen. Jirgin hoto marar matuƙi kuma doka ta ce sai da izini, ba abin da za a fito da shi daga but a saki ba ne.

Na biyu ruwan kansa. Lakar da ta bushe a sama tana iya zama danƙo a ƙasa, ta riƙe ƙafar yaro. Gaɓar dam ba ta tafiya a hankali ko'ina, akwai inda taku biyu sai rami. Mai hoto idonsa na kan allo, don haka a ware babba ɗaya wanda ba ya riƙe da waya, aikinsa yara kawai. Kwale-kwale in babu rigar kariya ga kowa, ko an cika shi, a haƙura. Mutanen Bagwai ba su manta da kifewar kwale-kwalen da ta ci rayuka a Nuwamban 2021 ba.

Maman Sadik: Allah ya jiƙansu. A ƙara da tsargiya. Ruwan da ke kwance mai ciyawa a gefe shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da ita, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Masu cewa yara su tsoma ƙafa don hoto ya yi kyau, a bari. Mai hoton da zai shiga ruwa ya sa takalmin roba mai tsawo.

Anti Hadeja: Kuma a yi sallama kafin a ɗauki mutum. Masunci in ka gaishe shi ka sayi kifi, da kansa zai gaya maka inda zai jefa birgi, ka tsaya rana na bayansa, 1/1000, ka riƙe maɓalli tun yana lilo da hannu, don buɗewar ragar ba ta kai daƙiƙa ba. Mata masu wanki da 'yan matan Fulani masu shayar da shanu kuwa, a kawar da kyamara sai in su suka yarda.

Baban Walida: Na gode ƙwarai. Ta ƙarshe: gyara da turawa. Hoto yana da kyau a waya, in ya je WhatsApp ya lalace.

Mai Hoto na Rano: WhatsApp matse shi yake. A tura a matsayin dokumen, ko aƙalla a danna HD. In za a kai wanki a situdiyo, a ba su na asali ta waya ko memori, kada wanda aka sauke daga guruf. Hoton megafiksel 12 yana wankuwa lafiya har inci 10 da 13. A bar ɗan fili a gefuna lokacin ɗauka, don 5x7 yana yanke sama da ƙasan hoton waya, hular wani ta tafi.

Gyara kuma, Canon a sa ta RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in akwai kwamfuta. A manhajar Lightroom a rage Highlights (wurare masu haske), a ɗaga Shadows (wurare masu duhu) kaɗan, Dehaze (mai rage hazo) kada ya wuce 15 zuwa 20. In ya wuce sama tana yin datti, gefen duwatsu ya yi farin zobe, fuska ta yi kamar an shafa toka. Snapseed ma ya isa a waya, yana da wurin miƙar da layin ruwa.

Ɗan Karaye: Dehaze 20 ya yi kaɗan ranar da hazo ya yi nauyi.

Mai Hoto na Rano: Ranar da ya yi nauyi haka, a mai da hoton baƙi da fari a ƙara Contrast. Kwale-kwale da kututture suna fitowa da kyau a haka fiye da a tilasta wa sama shuɗin da babu shi.

Baban Walida: To memorin 16GB zai isa in an sa RAW?

Mai Hoto na Rano: Kowane ɗaya wajen 25MB ne, zai ɗauki kamar 600. Ya isa, amma a kwashe na ciki a yi masa fomat a cikin kyamarar tun a gida, kuma a tafi da batir na biyu.